Garin da Ba a Ce "Kot" Ba

Jinya ce ta kai ni Indiya. Kawuna aka yi wa aikin gwiwa a Mumbai, ni kuma aka haɗa ni da shi don ina ɗan taɓa Turanci. Da likita ya ce sai ya ƙara kwana goma yana koyon taka ƙafa, sai na ga sarari.

"Kawu, in ka yarda gobe zan je wani gari, Lonavala."

"Wa gare ka a can?"

"Ba kowa, Kawu. A can aka ɗauki si'aidi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Allah ya shirye ni, in dawo kafin dare.

A Lambata na taso, a mararrabar da hanyar Suleja zuwa Minna ta haɗu da wadda ta nufi Lapai da Bida. Direbobin tirela da tanka kan yada zango a nan, kuma a teburin wani mai shayi mai talabijin da ƙaramin janareta muka san CID, shirin 'yan sandan ciki na Indiya da tashar Sony ta fara nunawa a 1998. Ba fassara a lokacin. Wani direba da ya rantse yana jin Indiyanci shi ke mana tafinta, kuma sai da na zo ƙasar na gane rabin abin da yake faɗa daga kansa yake fitowa. Mun san ACP Pradyuman mai murza yatsu in ya ji ƙanshin rashin gaskiya, da Abhijeet, da Dakta Salunkhe mai binciken gawa, da ƙaton nan Daya wanda ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sai dai ya ɓalle ta. Mu "Ɗaya" muke ce masa, don duka ɗaya yake yi magana ta ƙare.

Cikin kashi 1,547 da shirin ya yi kafin ya tsaya a 2018, akwai guda da ya fita daban, mai suna The Inheritance, rigimar gado ce da ta kai ga kisa. Darakta B. P. Singh ya ɗauke shi a Lonavala ranar 8 ga Oktoba 2004, minti 111 cur, kyamara ɗaya, ba a kashe ta ba, ba a ce "kot" ba. An nuna shi ranar 7 ga Nuwamba na shekarar, ya shiga kundin Limca na Indiya da na Guinness. Mu kuwa a Lambata sau uku janareta ya yanke mana shi, sau biyu mai ya ƙare, sau ɗaya wani ya taka waya. Don haka mun kalle shi ba mu san abin mamakin da ke cikinsa ba.

Da asuba na isa tashar Chhatrapati Shivaji. Na ɗauka fadar sarki ce aka kawo ni bisa kuskure, ginin dutse mai hasumiyoyi da zane ko'ina. Na nuna wa wani ma'aikaci tikitina, na tambaye shi ko wannan ne jirgina. Ya kaɗa kai hagu da dama. Na juya zan tafi, ya riƙo hannuna ya tura ni ciki. Ashe kaɗa kan da mu muke nufin a'a, su i ne. Ranar sau huɗu wannan abu yana ruɗa ni.

A Karjat jirgi ya tsaya, masu talla suka yi caa da vada pav, dankalin Turawa da aka soya a saka cikin burodi da yaji, ɗan uwan burodi da ƙosai ne sak. Ina ci na ji an ɗan bugi jirgin ta baya. Wani dattijo ya yi mini bayani da hannu: kawunan jirgi aka ƙara a wutsiya, don su tura mu hawan dutse. Ban taɓa ganin an tura jirgin ƙasa kamar motar da batirinta ya mutu ba.

Daga nan bakina ya mutu. Watan Agusta ne, damina ta kankama. Mu shiga kogon dutse duhu ya rufe mu, mu fito sai ga kwari mai zurfi a ƙarƙashin taga, kore shar, gajimare yana yawo ƙasa da mu. Ni da nake taƙama da Gurara, duk baƙon da ya zo sai na kai shi ya ga ruwa na faɗowa daga kan dutse, sai ga shi ina ƙirga irinsa ta taga har na kai goma sha ɗaya na bari. Gaskiya Gurara ta fi kowannensu faɗi da ruri, wannan ba zan janye ba. Amma tamu ɗaya ce, su nasu kamar an watsa gero. Da muka wuce Khandala na yi dariya ni kaɗai, na tuna an ambaci sunansa a fim ɗin Ghulam na Aamir Khan, ashe garin gaske ne.

A Lonavala na ɗauki mai Keke, irin namu na Suleja ba bambanci ko a ƙara. Na ce masa CID. Fuskarsa ta washe, ya murza yatsu kamar ACP, muka fashe da dariya, ba ya jin Hausa ba na jin Marathi amma mun gama gaisawa. Ya kai ni wani gida a gefen tudu ya ce nan ne. Mai gadi ya ce a'a, can gaba ne. A can gaba wata mai sayar da masara ta nuna wani wuri na uku. Kowa a garin yana so a ce a unguwarsu aka yi, yadda kowane ɗan Kano ke da maƙwabcin da ya taɓa fitowa a Daɗin Kowa.

Na tsaya a wata farfajiya mai matakala, na ce bari in gwada. Na kunna kyamarar wayata, na fara tafiya a hankali: hawa, juyawa, shiga baranda, fita. A minti na biyu hannuna ya fara rawa. A na uku wani yaro ya gifta yana ɗaga mini hannu. A na huɗu biri ya sauko daga katanga ya fizge masarar da na ajiye, na yi ihu, shi ke nan ɗauka ta lalace. A nan na zauna na yi tunanin mutumin da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, wanda ya ɗauki kyamara mai nauyi kusan awa biyu yana bin mutane ɗaki zuwa ɗaki. Ga masu fitila da masu ɗaukar murya da dole su riƙa ɓuya a bayansa duk inda ya juya. Ga 'yan wasa da in ɗayansu ya manta magana a minti na ɗari, kowa ya koma farko. Shekaru muna tafa wa Ɗaya mai ɓalle ƙofa, ashe ƙarfin gaske yana bayan kyamara.

Na sayi chikki, abin da garin ya shahara da shi, na dawo a mota ta babbar hanyar Mumbai zuwa Pune, layi shida, ba rami ko ɗaya da zan nuna wa direbobin hanyar Bida. Kawu ya gutsura ya tauna.

"Gyaɗa da mazarƙwaila ce fa. Ita ka hau dutse ka sayo?"

Washegari bayan azahar na nemo kashin a waya, na jingina ta da filas ɗin shayi. Wuta ba ta ko ƙifta ba. Kawu da ya ce shirme ne ya gyara zama, har ya fara zargin wata mata da ya ce idonta bai kwanta masa ba. Kyamara na ta zagaye ba ta tsaya ba, ni ina ta jiran in kama inda aka yanke, ban kama ba. Muna minti na saba'in da wani abu sai Kawu ya dubi agogo.

"Tsayar da shi, la'asar ta yi. Miƙo mini buta."