Mu Ma Muna da Dutsen da Ya Taɓa Aman Wuta



Akwai mutanen da kan tara kuɗi shekara guda, su hau jirgi zuwa tsibirin Siƙiliyya na ƙasar Italiya don su ga dutsen Etna yana fitar da hayaƙi. Irin wannan dutse shi Larabawa ke kira burkan, mu kuma mu ce dutse mai aman wuta. Ni malaminku ban taɓa ƙetare teku don kallon dutse ba, aljihun ma ba zai yarda ba. A littafi na fara gamuwa da shi. Ibnu Kasir ya kawo labarin wutar da ta fito gabas da Madina a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256. Ƙasa ta yi ta girgiza, sannan narkakken dutse ya riƙa kwarara kamar kogi har makonni, kafin Allah Ya tsayar da shi bai shiga gari ba. Baƙaƙen duwatsunsa suna nan har yau.

To, ka san mu ma a Jihar Kano muna da namu? Yana Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa. Na je da wasu abokai malamai a wani hutun Sallah. Daga Kura ka kama hanyar Zariya, ka karya a Kwanar Ɗangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore. Wannan daji da rana ake binsa, kuma sai an tambayi direbobi halin da hanya ke ciki.

Kada ka sa ran ganin wuta ko hayaƙi, dutsen ya daɗe da mutuwa. Masana ilmin duwatsu sun ce ya yi amansa fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Ruwa da iska sun cinye kansa, abin da ya saura gindinsa ne: tsaunuka a kewaye kamar bakin ƙwarya. Yaronmu na Kura, wanda idonsa ya saba da shimfiɗaɗɗun gonakin shinkafa, zai daɗe da baki buɗe. Iskar wurin ma daban take, ga sanyi. Zafin nan na dā shi ya bar kuza a cikin duwatsun, kuma mutanen Riruwai sun san narka kuza tun kafin zuwan Turawa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ruwa ne. Na taɓa tambayar 'yan aji biyar: daga ina ruwan kanal ɗinmu yake zuwa? Wani ya ce, "Daga babban kanal, Malam." Aji ya fashe da dariya, alhali masu dariyar ma iyakarsu Tiga. Ka saurara. Ruwan saman da ke sauka a tsaunukan kudancin jihar nan shi ke gangarawa Kogin Kano, ya ratsa Falgore, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, sannan a sako shi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatir da alkamar da babanka ke nomawa da rani, da kuɗin littafinka, daga can suka faro. In aka sare itatuwan can, ƙasa ce za ta biyo ruwa ta cike madatsar a hankali, mu nan ƙasa mu ji a jikinmu.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa fitar da ɗalibai ganin wurare ɓarnar kuɗi ba ce. Iyaye, in makaranta ta aiko da takardar neman izini, ko Tiga ce kawai, don Allah a duba ta da idon rahama.

Na tsinto guntun dutse daga Riruwai, yana ofishin makaranta. Mai son ya riƙe shi a hannu ya same ni ranar Asabar bayan La'asar. Wassalam.