Rantsuwa A Yamai, Jarrabawa A Ƙauye

A ranar 1 ga Maris 1961 ne Shugaban Amurka John Kennedy ya kafa ƙungiyar nan ta 'yan sa kai mai suna Peace Corps, wadda ke aika samari da 'yan mata ƙasashen waje su yi aikin taimako na shekara 2. Daga 1962 zuwa Janairun 2011, lokacin da aka janye su saboda rashin tsaro, fiye da mutum 3,000 sun yi aiki a Jamhuriyar Nijar. A cikinsu akwai wata budurwa da ta karanta ilmin kiwon lafiya, wadda labarinta ya isa abin lura.

Da ta sauka, sai aka wuce da ita Hamdallaye, wani gari da ke kusa da Yamai, inda a wancan lokacin ake horar da sababbin zuwa. Nan ta yi wata biyu da 'yan kai. Da rana tana aji tana koyon Hausa da hanyoyin auna nauyin jarirai da haɗa ruwan gishiri da sukari, da dare kuwa tana gidan masu masaukinta, waɗanda suka raɗa mata sunan Hausa, suka koya mata cin tuwo da hannun dama da ɗaura zane. Da aka ƙare, aka gwada ta a harshe ta ci, aka kai su Yamai suka yi rantsuwa a gaban jakadan ƙasarsu, irin rantsuwar da ma'aikatan gwamnatin Amurka ke yi. Ran nan ta ɗauka ta gama koyo, saura koyarwa.

Ashe ba ta san dawan garin ba. Mota ta kai ta wani ƙauye a jihar Maraɗi, aka sauke mata katifa da gidan sauro da tukwane a ƙofar wani ɗakin ƙasa, direba ya yi sallama ya juya. Kafin ƙura ta lafa, mata sun cika gidan suna yi mata barka da zuwa, ita kuwa ban da "lafiya lau" ba abin da ta iya mayarwa, domin Hausar malamin aji daban, ta tsofaffin ƙauye daban. Washegari ta je rijiya, guga ya gagare ta, sai da wata yarinya ta karɓa ta jawo mata.

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce sabon zuwa kada ya yi gaggawar fara wani aiki a watannin farko, ya zauna ya san mutane tukuna. Da can tana ganin wannan ɓata lokaci ne. Amma da ta zauna da matan nan wajen daka da sussuka, sai ta gane cewa ba jahilci ne ke hana uwa kai ɗanta asibiti ba, nisa ne da rashin kuɗin amalanke, da jiran izinin maigida da ya tafi cin rani Nijeriya. Wannan kuwa ba a rubuta shi a littafin Hamdallaye ba. Sai da ta san haka ungozomar garin ta yarda ta riƙa tara mata mata ranar awo.

To, mai karatu ya duba. Ita ce ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa, ita aka ɗauka hoto. Amma matar maigari da ta riƙa aiko mata da fura kullum, da tsohuwar da ta kwana a kanta ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, ba wanda ya rantsar da su, ba wanda ya biya su. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Duk mai niyyar tafiya wata ƙasa da sunan taimako, ya fara neman wanda zai riƙe masa sanda, kuma ya san darajarsa. Allah Ya saka wa masu karɓar baƙi da alheri, amin.