Bukin ƙauna a Jimeta

A ikkilisiyarmu ta EYN, ranar Alhamis ta kafin Ista ba gurasa da ƙoƙo kaɗai ake ɗauka ba. Da farko a wanke wa juna ƙafa, maza gefe, mata gefe, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa a Yohanna sura 13. Daga nan a ci tuwo tare, sannan a zo kan Jibin Ubangiji. Mun gaji wannan tsari daga 'yan mishan na Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923.

Ina yaro, naman da ke cikin miyar bukin ne kawai ya dame ni. Sai da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, hedikwatarmu ta Kwarhi ma ta tashi, muka gangaro Yola da kayan jikinmu, na fara gane abin da ake yi.

Ranar 2 ga Afrilu, 2015 muka yi bukin a harabar wata majami'a a Jimeta inda muke kwana. Zumuntar Mata suka tuƙa tuwo da garin masarar agaji, miyar kuka ba nama, daddawa ma sai ƙanshi. Akwai Margi, akwai Bura, akwai Kamwe, Hausa ce ta haɗa bakinmu. Mutum shida ko bakwai a kwano ɗaya.

Kawuna yana da tsohuwar gaba da wani maƙwabcinsa kan iyakar gona, ko gaisuwa ba sa yi. A gida kowa ya san yadda zai zaɓi benci ya kauce wa ɗan'uwansa. A nan kuwa wuri ya ƙure, layi ya kawo su kusa da juna. Na ga Kawu ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa, ya jawo roba. Ƙafar mutumin duk faso, farcen babban yatsa ya fita tun tafiyar daji. Kawu ya daɗe yana cuɗa ta, har na bayansa suka fara gyaran murya.

"Malam, ya isa haka," in ji mutumin.

"Bari in gama. Gonar ma yanzu wa ke nomanta?"

Da aka kawo tuwo, kwanonsu ɗaya. Lomar ƙarshe ta tsaya a tsakiya, wannan ya tura wa wancan, wancan ya turo, har wani yaro ya miƙa hannu ya raba gardama.

Fasto bai yi dogon wa'azi ba, kuma na gode masa. Ya tuna mana faɗan da Bulus ya yi wa Korintiyawa, inda masu hali ke riga ci su ƙoshi, talaka ya tashi da yunwa, ya ce wannan ba Jibin Ubangiji ba ne. A ganina shi ya sa tuwo ke zuwa kafin gurasa: da wuya ka karɓi jikin Almasihu da riƙo a zuci alhali yanzun nan hannunka ya gogi na abokin gabarka a cikin miya.

Bayan an koma gida maganar iyaka ta sake tasowa, don mutum mutum ne. Amma wannan karon su biyu suka je wurin dattawan ikkilisiya da ƙafarsu, aka kafa duwatsu, ba a kai ga alƙali ba.