Abin Da Na Gani A Sabon Birni Da Isa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi. Ni akawu ne a Sakkwato. Tun ina makarantar mishan na haddace sunayen manyan kogunan duniya, amma da za a tambaye ni inda Gulbin Maraɗi ya ƙare, da na yi shiru. Bayan kakar 2025 aiki ya kai ni Sabon Birni da Isa, na kuwa tabbata gani ya kori ji.

Mun tashi daga Sakkwato da hantsi, gama direbobin hanyar nan ba su yarda dare ya riske su a daji ba. Muka bi ta Goronyo, inda aka datse Gulbin Rima, muka miƙa gabas. Ƙasar tudu rairayi ce, ta gero da wake, amma da ka gangara fadama sai ka ga wata duniya dabam: shinkafa, da albasa, da dankali, da rogo. Dalili kuwa ruwa ne. Bunsuru da Gagare sun fito daga kudu sun haɗu a ƙasar Isa sun zama Rima. Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo ya faɗa Rima kusa da Sabon Birni. Wanda ya riƙe wannan a ka, ya riƙe rabin tarihin Gobir, domin ruwan nan shi sarakuna suka yi ta yaƙi a kansa.

A Sabon Birni na sauka gidan wani dattijo mai tsagar Gobirci, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Da na ce masa, "Baba, ina so in ga Alƙalawa," sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kufai za ka gani, amma tafi ka gani." Na tafi, ba nisa daga gari. Ban tarar da kome ba sai tudun ganuwa da ya zaizaye, da kaburbura, da gonaki. Nan ne birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, zamanin da ya ci Zamfara. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. Nan kuma aka kashe Yunfa a 1808, shekara huɗu da soma jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Na tsaya na yi ta kallo, na ce duniya ba ta da tabbas.

Faɗuwar Alƙalawa ba ta ƙare Gobir ba. Gobirawa suka yi ta tayarwa har 1836, sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Waɗanda suka saura suka bi Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Bayan haka gidan ya rabu. Wajen 1860 wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya ɓata da Sarkin Gobir Bawa na Tsibiri, ya yi amana da Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, aka bar shi ya komo kusa da kufan kakanninsa ya gina gari, aka kira shi Sabon Birni. Amanar ba ta daɗe ba, har sai da Sarkin Musulmi Mu'azu, da Umaru bayansa, suka kawo wa garin yaƙi.

Isa kuwa asalinta dabam ne. Ribaɗi ce ta Sakkwato, watau garin da ake zaunar da mayaƙa da malamai su tsare bakin iyaka, sarautarta kuwa tana gidan Muhammadu Bello. Shi ma mai Isa ana ce da shi Sarkin Gobir. A fadar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu ne Ibrahim Narambaɗa ya yi waƙoƙinsa, waɗanda har yau ba su tsufa ba. Ashe ke nan a bakin ruwan nan kaɗai akwai gidajen Sarkin Gobir uku, na Tsibiri, da na Sabon Birni, da na Isa, ban da na Gwadabawa can yamma.

Sa'an nan Turawa suka zo da nasu rabo. A 1898 Ingila da Faransa suka zana iyaka a takarda, suka auna mil 100 kewaye da Sakkwato suka ce na Ingila ne. Faransawa suka ga an bar su da ƙasa marar ruwa a hanyarsu ta zuwa Damagaram, suka nemi gyara, aka sāke shiri a 1904 da 1906, aka fito aka kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Da aka gama, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Ba a tambayi Bagobiri ko ɗaya ba. Mai masaukina ya ce mini ƙanwarsa tana aure a ƙetare, gonar wani maƙwabcinsa kuwa rabinta Nijeriya rabinta Nijar. A kasuwa naira da sefa duk suna ci. Saboda haka da aka rufe iyaka a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024, talakan nan ne ya fi kowa jin jiki.

Game da sha'anin mulki, a zamanin Turawa Sabon Birni da Isa gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Uban ƙasa yana zaune cikin mutanensa, yana tara haraji da jangali, Di'o yana zuwa rangadi. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, yau kowane gari a cikin biyun yana da tasa, suna cikin 23 na Jihar Sakkwato, da shugaba da kansiloli. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 200,000 a ta Sabon Birni, da kusan 150,000 a ta Isa, kowace kuwa faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 2,000. A 1996 aka yanke Jihar Zamfara, Shinkafi maƙwabciyar Isa ta faɗa can, watau an ƙara wata iyaka ke nan. Ƙasar ba ta rasa manya ba, gama Attahiru Bafarawa, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ɗan ƙasar Isa ne.

To, jama'a, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙasar nan mai albarka tana cikin wahala. 'Yan bindiga sun mamaye dajin da ke tsakanin Sakkwato da Zamfara da Nijar, in an kore su nan su tsallaka can. Tun 2019 dubban mutane suka gudu zuwa ƙasar Maraɗi, 'yan'uwansu suka karɓe su. A Disamban 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a wannan yanki. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun ɓarayin cikin watan Agusta. Da idona na ga ƙauyuka da rumbuna tsaye babu mai gida, na ga mata da yara suna kwana a rumfunan gari. Na ji manoma suna cewa a wasu wurare sai an biya ɓarayi kuɗi kafin a yi girbi. Haraji ke nan, amma ba ya shiga baitulmali, ba ya gina rijiya.

Da na koma masauki na faɗa wa dattijon abin da ya dame ni, sai ya ce, "Yaro, mutanen dā sun san gari na bakin iyaka ƙofar gida ne, shi ya sa suka aje 'ya'yan sarki a Isa. Wa ke aje ɗansa a nan yanzu?" Na rasa amsa. Lalle wanda ya gina ribaɗi ya fi mu sanin ƙasa, domin ya sa mafi ƙarfinsa inda ya fi rauni. Mu kuwa mun mai da bakin iyaka bayan gida, ma'aikaci in an tura shi can sai ya ɗauka horo ne. Ni kaina da aka ce in tafi, sai da gabana ya faɗi.

Roƙona uku ne. Na fari, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to, a cika wannan hukunci, shugabanni kuma su zauna cikin mutanen da suka zaɓe su, su riƙa karanta musu lissafi a fili. Na biyu, hukumomin Sakkwato da Zamfara da Maraɗi su haɗa kai wajen tsaro, su sa sarakunan Gobir na kowane gefe a ciki, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, 'yan makarantar Gobir su zauna da tsofaffi su rubuta tarihin garuruwansu tun masu labari suna da rai, a kuma kiyaye kufan Alƙalawa kada garma ta cinye shi.

Ku kuma mutanen Kano da Katsina da Zazzau, kada ku ce abin yana nesa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In akwai inda na yi kuskure, ina roƙon masana na Sabon Birni da Isa su gyara mini a wannan fili. Allah ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.

Haza wasalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Sakkwato.