Kukan Katako

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zo rabon gado, babu wanda ya ko dubi tsohuwar Bedford ɗin da ke ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gida. Gona kowa na so, haka nan shagunan bakin kasuwa. Motar kuwa har an kira 'yan gwangwan sun zagaya ta, suna ƙwanƙwasa ta kamar masu tayin sa a kara, suka yi mata kuɗi da nauyin ƙarfe. Mu ne muka ce a lissafa ta cikin rabonmu. Yayanmu ya ce, "Malam, alli za ka riƙa jigila da ita zuwa makaranta?" Aka tuntsire da dariya. Uwargida dai ba ta dara ba, don ta ga abin da ya kamata ya zama gona ya koma akwala, ga yara huɗu, ga albashin malamin sakandare wanda mai karatu ya san iyakarsa. Muka yi mata alkawarin cewa in kaka ta wuce motar ba ta ci da kanta ba, mu da kanmu za mu kira 'yan gwangwan.

Motar kirar TJ ce, mai dogon hanci, irin wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958. Inji da ƙarfen gindi, wato shasi, su ne aikin Bature. Bodin kuwa kafintocinmu ne suka gina shi da katakon maɗaci. Injin bai wahal da mu ba, kwana uku makaniki ya tashe shi. Abin da ya so kunyata mu shi ne kuka. Da ta taka gargada sai daɓen bayan ya ɗauki ƙiii, ƙiii, kamar ana yanka ɗan akuya. Ranar da muka fara kai ta tasha neman lodin masara, wani dillali ya saurara ya ce, "Wannan kafin ta isa kasuwa ta rabe biyu." Shi ke nan, magana ta bazu, ba manomin da ya yarda ya ɗora mata ko buhu ɗaya.

Muka fara da dabarar gaggawa. Muka tsiyaya baƙin mai a tsakanin katakan. Ta yi shiru kwana biyu, sa'an nan man ya kwashi ƙura ya zama kwaɓa, kukan ya dawo, ga wari kuma wanda ba mai abinci da zai so. Sai muka ɗauko sufana muka bi kowane noti muna ɗaurewa iya ƙarfinmu, har katako ɗaya ya ce ɓas, ya tsage.

Daga nan muka nemi wani tsohon kafintan bodi da ya san mahaifinmu. Ya dubi tsagar ya girgiza kai. "Ɗana, wa ya gaya maka ƙarfi ke hana kuka? Katako ba ya kuka shi kaɗai, sai in yana gugar wani abu." Ya sa muka shimfiɗa tabarma muka kwanta a ƙarƙashin motar da guntun alli, jikansa na takawa a sama sannu sannu, duk inda muka ga motsi ko muka ji ƙara mu yi alama. Ashe dai allin da Yaya ya yi mana ba'a da shi yana da rana. Muka kwance katakan, muka rubuta wa kowanne lamba don ya koma mazauninsa.

A nan muka ga tushen ciwon. Tsakanin katako da ƙarfe akwai ragowar wani ƙyallen tamfol da ya ruɓe ya zama gari. Maginan farko sun sa shi ne da gangan. Wannan ba dabarar kafintocinmu kaɗai ba ce: tsofaffin motocin Amurka irin Ford Model A, da aka yi daga 1927 zuwa 1931, daɓen gabansu na katako ne, kuma ana shimfiɗa musu ɗamarar saƙa tsakanin bodi da shasi don kada su yi gugar juna. Shasi yakan ɗan murɗa in mota ta hau tudu da rami, katakon kuma ya zame a kansa. In babu abu mai taushi a tsakani, dole a ji su.

Na biyu, ramukan notin duk sun buɗe saboda shekaru, noti na rawa a ciki. Tsohon ya feƙe 'yan turaku ya cusa da gam, ya bari suka bushe, ya sake hudawa daidai kaurin notin, ya sa faffaɗan washa don kan noti ya daina nutsewa cikin itace. Madadin tamfol, muka yayyanka tsohon tub na taya muka shimfiɗa bisa kowane ƙarfe. Gefen katakan kuwa kyandir ya sa muka goga musu, busasshen santsi wanda ba ya kama ƙura.

Inda muka yi gardama da shi shi ne wajen jerawa. Mu muna so a matse su ƙam, shi kuwa yana saka tsinken ashana a tsakanin kowane biyu. "Baba, ai wannan kafa ce ka bari," muka ce. Ya ce, "Yanzu hunturu ya kama, katako ya motse. Da damina zai sha raɓa ya kumbura, kuma ta faɗinsa yake kumbura, tsawonsa da ƙyar yake motsi. In ka hana shi wuri yau, gobe ya tashi ya yi doro, ko ya karya maka noti." Ɗauri ma ya hana mu wuce ƙima: da washa ta zauna, a ƙara kaɗan, a tsaya.

Kwana biyar aka yi. Muka koma tasha, muka ɗauki dillalin nan muka bi da shi hanya mafi gargada da muka sani, bai ji komai ba sai inji. Kafin kaka ta ƙare motar ta biya kuɗin gyaranta, har da na makarantar yara zango ɗaya. Uwargida ta daina zancen 'yan gwangwan.

Ranar da muka dawo daga lodin farko da magariba, muka shiga gaida Inna, muka tarar ta firgita da ganinmu. "Yaushe kuka iso? Ban ji motar ba." Muka ce ai an gyara ta, muna jiran yabo. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Da can tun daga kwanar masallaci nake jin ta. Kafin Malam ya kashe inji na juye masa ruwan wanka." Ba ta ƙara ba, ta ci gaba da jan carbinta.

Da hunturun da ya biyo baya, katako na uku daga bayan direba ya soma ɗan ƙiii in an sha kwana. Mun san ko wanne ne, lambar da muka rubuta masa tana nan a ƙarƙashi. Kyandir da sufana suna cikin akwatin gaban mota, yau wata biyu ke nan ba mu ɗauko su ba.