Nurburg, Ƙauyen Jamus Inda Ake Gane Tayar Ƙwarai

Duk wanda ya tashi daga birnin Kolon na ƙasar Jamus ya nufi kudu, bayan tafiyar kamar awa guda a mota zai iske kansa cikin tsaunukan Aifel, ƙasa mai dazuzzuka da sanyi da yawan hazo, wadda ba ta da nisa da iyakar Beljiyam. A nan ne ƙauyen Nurburg yake, a gindin wata tsohuwar fada ta dutse da aka gina tun ƙarni na 12. Ƙauye ne ɗan ƙarami, amma duk mai sha'awar mota a duniya ya san sunansa, saboda hanyar tseren da ta kewaye shi, watau Nurburgring.

An fara gina hanyar a 1925 don a sama wa talakawan wannan yanki aikin yi, aka buɗe ta cikin watan Yuni na 1927. Babban zagayenta na arewa kilomita 20.8 ne, da kwanoni 73 bisa ƙidayar masu hanyar, kuma tsakanin inda ya fi tudu da inda ya fi kwari akwai kamar mita 300. Sau da yawa ana ruwa a wani gefe alhali kuwa ɗaya gefen a bushe yake. Jackie Stewart, mutumin Sikotilan wanda ya ci tsere a nan cikin ruwa da hazo a 1968, shi ne ya laƙaba mata sunan da ke nufin koriyar jahannama. Bayan da Niki Lauda ya ƙone a cikin motarsa ran 1 ga Agusta, 1976, manyan motocin tseren duniya suka daina bin wannan zagaye, aka gina musu sabo a gefe a 1984.

Tsohon zagayen bai mutu ba. Kamfanonin mota da na taya suna hayarsa makonni da yawa kowace shekara don gwaji, shi ya sa baƙo zai riƙa cin karo da motoci da aka lulluɓe da zane baƙi da fari don a ɓoye kamanninsu. A Meuspath, dab da hanyar, akwai unguwa guda ta ma'aikatu, inda kamfanin Bilstein mai yin shokozoba yake da wurin gwaji, kamfanin Hyundai kuma ya buɗe nasa a 2013. Da yamma kuwa, da wasu ranakun ƙarshen mako, akan buɗe hanyar ga kowa. Mutum ya biya kuɗin zagaye ya shiga da motarsa, muddin tana da lamba da takardu. Dokar titi ce ke aiki a lokacin: ba a wuce mota sai ta hagu, ba a yarda a auna lokaci ba, wanda ya doki ƙarfen gefen hanya shi zai biya gyaransa, kuma kamfanonin inshora da yawa ba sa ɗaukar asarar da aka yi a nan.

A filin ajiye motoci na bakin ƙofa ne ake ganin samarin da suka sayi sababbin ƙananan motocin gudu, irin su Mazda MX-5 da Toyota GR86, daga Holan da Ingila da Faransa da sauran wurare. Kusan tambayarsu ɗaya ce: da taya za a fara ko da sifirin? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama kuɗin da mutum ya daɗe yana tarawa ne zai kashe, ransa kuma yana kan abin da ya zaɓa.

Abin da tsofaffin direbobi da makanikai suka fi ba da shawara a kai shi ne kada a taɓa kome tukuna. A tuƙa motar yadda ta fito daga kamfani na wasu watanni, har mai ita ya san inda take gazawa. Tarihin Toyota 86 ya isa misali. Da ta fito a 2012, babban injiniyanta Tetsuya Tada ya sa mata tayar Michelin Primacy, irin wadda ake sa wa wasu motocin Prius, da gangan, don bayan motar ya riƙa zamewa a hankali, ba da mugun gudu ba, mai koyo ya ji abin da ke faruwa ya gyara. Wanda ya cire ta ran farko ya sa mai kama ƙasa sosai ya hana kansa wannan darasi, domin irin waccan tayar takan riƙe har gudu ya yi yawa, in ta saki kuwa sai ta saki gaba ɗaya.

Bayan wannan sai ƙananan abubuwa masu araha. A auna iskar taya da geji tun tana sanyi, a kuma sake aunawa bayan zagaye, domin zafi yana ƙara iska. A kai motar a daidaita tsayuwar ƙafafunta, gama ko sabuwar mota takan zo da 'yar karkata. A canza man birki zuwa wanda ke jure zafi, saboda a gangaren da ke sauka zuwa Adenau man da ya sha ruwa yakan tafasa, direba ya taka birki ya ji ya tafi ƙasa.

Sa'an nan a zo kan taya, wadda ita ce ta fi sauya halin mota. Dalili kuwa a fili yake: abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai fi tafin hannu ba, kuma birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta nan suke bi. A jikin taya akwai rubutu da ya kamata mai saye ya iya karantawa. In an rubuta 215/45 R17, faɗinta milimita 215 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, rim ɗin kuma inci 17. Harafin da ke biye yana nuna iyakar gudun da za ta jure: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne shekarunta. 2423 na nufin mako na 24 na 2023. A sayi huɗu iri ɗaya. Babban rim yana da kyaun gani, amma yakan ƙara nauyi a ƙafa, ya rage robar da ke shanye gargada, ƙaramar mota mai nauyin kamar kilo 1,000 irin MX-5 kuwa nan da nan take jin wannan. Har wa yau, tayar rani takan ƙage in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, kuma tun 2010 dokar Jamus ta tilasta tayar hunturu in akwai ƙanƙara a hanya.

Sifirin da shokozoba su ne na ƙarshe, kuma a nan ne hanyar Nurburg take kunyata masu gaggawa. Aikin sifirin ɗaukar nauyin mota, aikin shokozoba kuma hana sifirin ci gaba da lilo, tilas su dace da juna. Wanda ya sa gajeren sifirin a kan shokozobar kamfani ya rage mata wurin motsi, takan gaji da wuri. Wanda kuma ya ɗaure motar ta yi tauri kamar katako, tayarsa za ta riƙa tsalle a kan gargada, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe kome. Akwai wata kwana da ake kira Karussell, mai suna Rudolf Caracciola wanda ya ci tseren mota na farko a nan a 1927. Rami ne mai gangare da aka shimfiɗa da falankin kankare. 'Yan kallo sukan ji motar da aka sauke ƙwarai tana gurzar ƙasa da cikinta tun daga nesa. A Flugplatz mota takan yi sama, a Fuchsrohre kuma nauyinta ya danne ta ƙasa a gindin kwari. Motar da ke da sauran wurin motsi ce ke wuce waɗannan wurare lafiya.

Hukuma ma tana da bakin magana. A Jamus ba a yarda zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba. Duk sifirin ko rim da aka canza sai yana da takardar amincewa, ko kuwa a kai motar wurin masu duba motoci irin su TUV su gwada su rubuta a takardunta. In ba haka ba izinin motar na hawa titi yana iya faɗuwa.

Ko gwanaye ba su tsira daga wannan yanki ba. Hiromu Naruse, babban direban gwaji na Toyota, wanda ya koya wa Akio Toyoda tuƙi, ya rasu a hatsari a kan titin da ke kusa da hanyar cikin Yuni na 2010. Wata kwana ta farkon zagayen kuma tana ɗauke da sunan Sabine Schmitz, 'yar wannan ƙauye, wadda ta ci tseren awa 24 a 1996 da 1997, ta rasu a 2021.

Mai karatu na gida ba zai rasa abin ɗauka ba. Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ta yi suna ne saboda ƙafafunta suna da wurin motsi mai yawa, kuma a wannan shekara ce irinta ta ci tseren Safari na Kenya. Hanya mai ramuka da tudun rage gudu ta fi Karussell cin cikin mota. Wanda ya sayi 'yar motar gudu a Legas ko Abuja ya fara duba lambobi huɗun nan na jikin taya, musamman in 'yar Beljiyam ce aka kawo masa, ya bar sauke mota sai ya san hanyar da zai riƙa bi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.