Soyayya da Kuɗin Cefane a Littattafan Balaraba Ramat Yakubu

In aka tambayi ɗalibin Hausa wane littafi ne ya fara sa masa sha'awar karatu, yawanci yakan ce Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, domin ya san amsar da za ta yi wa malami daɗi ke nan. Amma da za a matsa da tambaya, musamman ga ɗalibai mata waɗanda suka yi makarantar kwana, da an ji wani zance dabam. Akasarinsu sun goge a karatun Hausa ne da 'yan ƙananan littattafan soyayya, waɗanda ake ara a ɓoye, a karanta da tocila bayan an kashe fitila, littafi ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsa ya rabu da shi. A cikin marubutan irin waɗannan littattafai akwai wadda ta cancanci a tsaya a yaba mata a fili ba tare da jin kunya ba, wato Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

Labarin soyayya dai ba baƙo ba ne a ƙagaggun labaran Hausa. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta tun zamanin littattafan farko na shekarun 1930, a kan soyayya aka gina shi: mai dukiya ya raba Abubakar da Zainab. Sai dai wanda ya karanta shi ya san labarin Abubakar ne da ramuwarsa, ita Zainab kuwa abin da aka yi jayayya a kansa ce kurum. An daɗe kafin a ji irin wannan labari daga bakin yarinyar, har sai da Hafsat Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Bayan haka tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, alhali kuwa shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano da aka kafa a 1980, sun samar da ɗimbin masu iya karatun boko waɗanda ba su da abin karantawa. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Balaraba take cikin jagororinta tare da Ado Ahmad Gidan Dabino. Wannan rubutu ne Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a kansa a jaridu cikin shekarun 1990, Abdalla Uba Adamu yana cikin masu kare shi. A 2007 ma har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano, bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

Ita Balaraba ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad ce, wanda aka kashe yana shugaban ƙasa a 1976, amma wannan dangantaka ba ta hana a cire ta daga makaranta a aurar da ita tana da shekara 13 ba. Auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma karatu ta hanyar azuzuwan yaƙi da jahilci. Ba a kawo wannan don neman a tausaya mata ba. An kawo shi ne domin shi ya bayyana dalilin da ya sa soyayyar littattafanta ta bambanta da ta sauran. A wurin marubuta da yawa na wancan zamani, saurayi da budurwa sukan haɗu, su yi musayar wasiƙu cike da kirari, iyaye su hana, a sha wuya, a ƙarshe a ɗaura aure a rufe littafi. Balaraba kuwa inda wasu suke rufewa, nan ita take buɗewa. Tambayar da ta dame ta ita ce: bayan 'yan biki sun watse, wa zai ba da kuɗin cefane, kuma me yarinyar ta mallaka na kanta in namijin ya juya mata baya? Tun littafinta na farko, Budurwar Zuciya, na 1987, ta ɗora alƙalaminta a kan magidanci mai auri-saki, irin wanda ya mai da mata tamkar riga.

Littafin da ya fi kusa da zuciyar matasa shi ne Wa Zai Auri Jahila? na 1990. Tauraruwarsa, Zainab, wadda ake kira Abu, yarinya ce 'yar shekara 13 a ƙauye, mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. An yi mata baiko da ɗan'uwanta Ahmadu, amma shi da ya sha boko ya ga birni, sai ya ce ba zai auri jahila ba. Nan ne gwanintar marubuciyar take, domin ta sa yarinyar a tsakanin wuƙa biyu waɗanda duk maza ne suka wasa su. Uba ya hana ta ilmi don kada ta lalace ta rasa miji, saurayi kuma ya ƙi ta saboda ba ta da ilmin. Don huce haushi sai aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haura shekara 50. Marubuciyar ba ta lulluɓe abin da ya faru a daren farko da kalmomin ado ba, ta nuna shi a matsayin zaluncin da yake. Abu ta gudu Kano wurin gwaggonta Hajiya Kumatu, ta koma karatu, ta yi zurfi a cikinsa, har ta tsaya da ƙafafunta.

Mai karatu zai lura cewa wanda ya ceci Abu ba wani kyakkyawan saurayi mai mota ba ne, mace ce 'yar'uwarta da kuma allon makaranta. Zancen so na gaskiya bai taso mata ba sai bayan da ta zama mutum mai iya cewa i ko a'a. Har ila yau, Balaraba ba ta jingina hujjarta da wata aƙida ta ƙetare ba. Daga cikin addinin Musulunci ta ɗauko ta, wato wajabcin neman ilmi a kan mace da namiji, da haƙƙin mace na a nemi yardarta kafin a aurar da ita. Shi ya sa masu sukarta suka sha wuya wajen kama ta, don kuwa da makamin da suke taƙama da shi ta fito musu. Yarinyar da ta karanta wannan littafi a aji uku na sakandare, wataƙila a daidai lokacin da ake ƙus-ƙus ɗin aurenta a gida, ta sami kalmomin da za ta yi magana da su, ko da a zuci ne.

Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, ya fi wancan nauyi. Rabi tana da 'ya'ya 9, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannu, amma kuɗin cefanen da yake ajiyewa ba ya kai gidan azahar. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta ci gaba da riƙon yaran da biyan kuɗin makarantarsu. A gefe guda kuma ga soyayyar 'yarta Saudatu da Alhaji Abubakar, wadda ita ce ruwan sanyin littafin, ita ce kuma abin da matasa suke ɗokin kaiwa gare shi. Amma an jera labaran biyu kafaɗa da kafaɗa da gangan. Duk sanda mai karatu ya shagala da lefe da kayan ɗakin Saudatu, sai a juya da shi ga Rabi tana gaban murhu, ya tuna ita ma an taɓa kai ta ɗaki da guɗa. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu kuma ta nuna halinta, sai maza suka taru, har da surukin nata, suka matsa wa Rabi ta koma. Masu karatu da yawa, musamman mata, ba sa yafe wa marubuciyar wannan ƙarshe. Amma duk wanda ya san zaman gidajen Hausa ya san haka ake yi, kuma Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, domin yanzu tukunyar gidan a hannunta take.

Akwai wani abu da ya kamata ɗaliban harshe su fi kowa kula da shi, wato Hausar da ke cikin waɗannan littattafai. Hausar tsakar gida ce ta matan Kano, mai habaici da gugar zana da baƙar magana, irin wadda kishiya take jefa wa kishiya tana tankaɗe ba tare da ta ɗaga kai ba. Marubutan farko maza ne, iyakarsu zaure da fada da kasuwa, saboda haka wannan Hausa ba ta shiga takarda sosai ba sai da mata suka ɗauki alƙalami. Wanda yake neman misalan yadda ake sarrafa karin magana a cikin faɗa, ko yadda uwa take yi wa 'yarta faɗa ba ta ambaci sunan abin ba, zai same su a nan fiye da yadda zai samu a littafin nahawu.

Ba a ce littattafan ba su da aibu ba. Ƙa'idojin rubutu sun sha wuya a cikinsu, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa, domin babu editan da ya bi su kafin a kai maɗaba'a. Wani lokaci labari yakan yi gaggawa a inda ya kamata ya tsaya, mugaye kuma sukan gamu da sakayya da wuri fiye da yadda duniya ta saba yi. Auren Saudatu da mai kuɗi ma, in an duba, ya ɗan sassauta wa hujjar littafin, tun da wani ɓangare na sauƙin da Rabi ta samu ta hannun suruki ya zo. Amma laifin rashin edita na kamfanonin da suka guje wa marubutan ne, da kuma masanan da suka tsaya daga nesa suna yatsina.

A 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya, ya buga Alhaki Kuykuyo Ne cikin Ingilishi, fassarar Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero. Abin dariya a nan shi ne, an daɗe ana zargin marubutan soyayya da kwaikwayon finafinan Indiya, sai ga Indiyawan da kansu sun zo neman labarin Rabi. Su kuwa na Hausar, a kan takarda mai araha aka buga su, wadda take yin ja ta karye cikin 'yan shekaru, kuma shagunan hayar littattafai da suka riƙe su sun ragu ƙwarai tun da karatu ya koma wayar hannu. Ɗalibin da ya tashi rubuta kundin digiri a kan Wa Zai Auri Jahila? sau da yawa sai ya bi gidajen yayye da gwaggwanni, a buɗe masa tsohuwar adaka, ya sami littafi na ɗaya a wani gida, na biyu a wani, shafin ƙarshe kuma ya yage.